Kwali, gam da akuyoyin hedimasta

Shagona ɗan ƙarami ne a wani ƙauye da ke gefen Birnin Kudu, littattafan rubutu nake sayarwa da fensir da alli da kwali, sai ranar Laraba da Alhamis in ja ƙofa da hantsi in hau babur in zaga firamare huɗu ina koya wa yara aikin hannu. Wata malama ce ta jawo ni ciki, ta zo sayen gam tana mita wai an haɗa ta da darasin zane-zane amma ko almakashi ɗaya babu a makarantar, na ce Malama bari in zo mu gwada wani abu da na gani a YouTube. Shikenan fa sana'a ta samu.

Sirrin aikin nan shi ne kar ka dogara da kayan kanti, in ka ce komai sai ka sayo a kasuwar Sabon Gari to wallahi kuɗin mota kaɗai zai cinye ribar. Gam ɗina sitacin rogo ne nake damawa kamar koko, ja daga zoɓo, rawaya daga kurkum, baƙi kuwa gawayi ne a daka a tankaɗe. Takarda kuma buhun siminti da tsofaffin takardun jarrabawa.

Shi ya sa na fi son origami na mutanen Japan, naɗe takarda ne kawai, ba yanka ba liƙi. Mun naɗa tsuntsun nan nasu mai dogon wuya, yara suka ce ai gauraka ce, na ce to gauraka ce. Na ba su labarin Sadako, yarinyar Hiroshima da bom ɗin 1945 ya bar mata ciwon daji na jini, tana asibiti tana ta naɗa tsuntsaye saboda a wajensu an ce wanda ya naɗa 1000 burinsa zai cika. Wata 'yar aji huɗu ta ɗaga hannu ta ce Malam ta warke? Na ce a'a, ta rasu a 1955 tana da shekara 12. Ajin ya yi tsit, kuma ranar ba wanda ya yi jirgin sama da takardarsa.

Rangoli ne ya so ya ja min. Ado ne da Indiyawa ke zubawa a ƙofar gida da garin shinkafa mai launi, musamman lokacin bikin Diwali, kuma kun san yaranmu da Indiya, fim ya riga ya yi min rabin aiki. Muka shafe awa biyu muna zuba shi a gaban ofis, ni kuma da rashin tunani na yi da garin masara na gaske, muna shiga aji akuyoyin hedimasta suka lashe shi tas, wata har da jan baki kamar ta ci goro. Washegari kuma wani dattijo ya tare ni a bakin masallaci ya ce yaro, me nake ji kana koya musu, ba na bautarsu ba ne? Na durƙusa na ce Baba ado muka ɗauka ba addini ba, amma na ji maganarka. Tun daga nan yashi nake rinawa, zanen kuma dagi muke yi irin na jikin soro, har ya fi kyau ma in ka tambaye ni.

Kente, saƙaƙƙen yadin nan na Gana, bai ba ni wahala ba, mu takardu masu launi muke yankawa siri-siri mu saƙa, ƙarshe wani yaro ya kawo tsohon saƙin kakarsa ya ce ai ƙwarya-ƙwarya ake ɗinke shi kamar wannan.

Kuɗi dai sai a hankali. Ta hannun ƙungiyar iyaye da malamai ake biyana ƙarshen zango, wata makarantar har yau ina bin ta na zangon bara, kullum sai a ce a bari a yi kaka. Zangon nan so nake in kwashi 'yan aji shida zuwa Dutsen Habude su ga zanen shanun da mutanen dauri suka bari a jikin dutse, mai bas ya ce sai na ba shi rabi tukun.