Ɗinyar bakin fadama da wadda na shuka

Jiya na shiga kasuwa siyan kayan miya sai ga wata tsohuwa da ɗan kwanon ɗinya a gabanta, wallahi tsayawa nayi kawai ina kallo, rabona da ɗinya har na manta. Na siya ta ɗari biyu, tun a hanya na fara sha, kafin in iso gida haƙorana sun yi baƙi ƙirin.

Mu a ƙauyenmu akwai wata ƙatuwar ɗinya a bakin fadama, kowa ya santa. Da bazara in ta fara sabon toho Inna ke aikenmu mu tsinko ɗinkin, wannan ganyen mai laushi da yake ɗan ja-ja, ta dafa shi ta matse ruwan tas sannan ta kwaɗa da ƙuli-ƙuli da albasa da yaji, kuma fa lokacin ne rumbu ya fara yin ƙasa, to kwaɗon nan ba ƙaramin rufin asiri yake wa gidaje ba. Wajen ƙarshen damina kuma 'ya'yan ne. Mu da bamu da haƙuri ɗanyu muke kakkaɓowa suna kore shar, mu tura cikin toka ko ƙaiƙayi, kwana kaɗan sun yi baƙi sun yi taushi. Mata kuma su dafa su tace su yi maɗi, wasu har alewa. A samanta ma akwai amya guda biyu da wani kawunmu ya ɗora, don ƙudan zuma na son furenta sosai.

Bara da naje gida kututture na tarar. An sare ta an yi gawayi. Raina ya ɓaci ba kaɗan ba, kuma abin da yafi damuna shine duk garin babu mutum ɗaya da ya taɓa shuka ɗinya, kowa gani yake abin daji ne Allah ke fitarwa.

Sai nace bari in gwada. Karon farko na zuba ƙwallaye a leda ina ta ban ruwa fiye da wata guda shiru, ashe ɓawon ne da tauri kamar dutse. Wani dattijo mai rainon itatuwa yace min "ɗana, ka ɗan goge ɓawon a jikin dutse tukuna, ka jiƙa ya kwana, kuma ka haɗa ƙasar da taki da yashi." Haka nayi, cikin goma uku suka fito, ɗaya akuya ta cinye min.

Biyun da suka rage na kai su gona na dasa ta gefen da ruwa ke kwanciya tunda ɗinya na son lema, na zagaye su da ƙaya. Girmansu a hankali yake, yanzu babbar ta kusa kai min gwiwa. Ƙwallayen na jiya ma ban zubar ba, suna nan cikin kofi na jiƙa su.