Aikina a kan ƙidayar 1828 ta New South Wales

Binciken digirina na biyu ne ya kai ni ga cikakkiyar ƙidayar jama'a ta farko da gwamnatin mulkin mallakar Birtaniya ta gudanar a New South Wales da ke Ostareliya, yankin da Birtaniya ke tura fursunoninta a lokacin, a watan Nuwamba na shekarar 1828, zamanin Gwamna Ralph Darling. Kafin lokacin, hukuma kan tara mutane ne a wuri guda ta kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya, amma da baƙi masu 'yanci suka yawaita, sai ta bayyana cewa gwamna ba shi da ikon tilasta musu halarta, shi ya sa aka kafa doka ta musamman domin ƙidayar.

Na zauna da hotunan rajistar ina kwafe su layi bayan layi. An rubuta sunan kowane mutum, da shekarunsa, da jirgin ruwan da ya kawo shi, da addininsa, da sana'arsa, sannan matsayinsa a gaban doka: ko ya zo da 'yancinsa, ko an haife shi a can, ko ya gama wa'adin hukuncinsa, ko an yi masa afuwa, ko kuma yana aikin tilas a hannun wani mai gona. Bayan haka akwai gurbin eka nawa mutum ya mallaka, nawa ya share, nawa ya noma, da yawan dawakansa da shanunsa da tumakinsa. Mutanen da aka ƙirga sun haura dubu 36. Duk wanda ya daɗe yana kallon waɗannan gurabe zai gane cewa ƙwadago da ƙasa ne suka fi damun gwamnatin.

Abu na farko da aikin ya koya mini shi ne kada na amince da gurbin matsayi sai na gwada shi da jerin fursunonin kowane jirgi, domin an samu tsofaffin fursunonin da suka ce da 'yancinsu suka zo, saboda tabon ɗauri abin kunya ne a wancan zamani. Ban ga laifinsu sosai ba.

Na biyu ya fi nauyi. Ƙidayar da ta kula da tumaki ba ta yi niyyar ƙirga Aborijin ba, alhali su ne 'yan asalin ƙasar da ake rabawa eka-eka. Domin na same su, sai da na koma ga takardun raba wa Aborijin barguna da jami'an gundumomi suka riƙa cikewa a shekarun 1830, inda ake rubuta sunan da Turawa suka laƙaba wa mutum, da sunansa na asali, da ƙiyasin shekarunsa, da ƙabilarsa, da yawan 'ya'yansa. Su ma ba ƙidaya ba ce, tunda wanda bai zo karɓar bargo ba babu shi a takarda, kuma tilas mai bincike ya faɗi haka ƙarara a duk inda ya yi amfani da su.

Wannan tsallakewa ta daɗe. Sashe na 127 na tsarin mulkin Ostareliya na 1901 ya hana a sa Aborijin cikin lissafin jama'ar ƙasar, kuma ba a soke shi ba sai a ƙuri'ar raba gardama ta 1967.