Ashe shayin safe ne ke tare min maganin ƙarin jini

Ina da cikin wata biyar aka ce jinina ya yi ƙasa. Gwaji ya nuna bai kai 10 ba, alhali mai ciki ba a so ta gaza 11. Abin ya ɗaure min kai, domin jar ƙwayar nan da ake ba mu wurin awo ban taɓa tsallake ta ba.

Wata dattijuwar nas ce ta ja ni gefe, ta gwale min ido ta ga cikinsa fari fat. Ta ce, "'Yata, da me kike haɗiye ƙwayar?" Na ce da shayi mana, mai kauri, da madara. Sai ta riƙe haɓa.

Ashe haɗiyewa daban, shiga jini daban. Sinadarin ƙarfen da ke cikin ƙwayar, wanda shi ne ke ƙara jinin, a farkon ƙaramin hanji jiki ke tsotsarsa, kuma ko a rana mai kyau kaɗan yake ɗauka, sauran ya bi bayan gida. Shi ya sa bayan gidan ke yin baƙi, abin da na daɗe ina tsoro a banza. To ganyen shayi yana da wani sinadari, tanin, mai sa baki ya yi bauri. Da ya gamu da ƙarfen sai ya ɗaure shi tamau, hanji ya kasa ja. Kalsiyam ɗin madara ma yana rage shigarsa. Wato ni da hannuna nake haɗa masa masu tare hanya biyu kowace safiya.

Na sauya tsari. Ƙwaya da ruwa zalla, in bi ta da lemon zaƙi ko gwaiba, saboda bitamin C na mayar da ƙarfen yadda hanji ke karɓarsa da sauƙi. Shayi kuwa sai bayan awa biyu. Kwaɗon zogale na riƙa matse masa lemon tsami. Nama da kifi na ƙara daidai ƙarfin aljihu, don ƙarfensu ya fi na ganye saurin shiga.

Satin farko na sha wuya, cikina ya yi ta murɗawa, har na koma shan ƙwayar bayan 'yar loma. Surukata kuma ta ce wannan duk iyayin asibiti ne.

Bayan wata biyu nas ɗin ta sake gwale idon. Ya yi ja. Ta rubuta a katina, ta ce in kira mai bi mini.