Igiyar shanya a aji ɗaya

Talata, Bauchi.

Da igiyar shanyata na tafi makaranta yau. Tun daren jiya na kwance ta daga tsakar gida, na yanka kwalin taliya gida-gida, na huda kowanne na zura masa zare. Yau ne darasin tarihi na farko ga 'yan aji ɗaya na ƙaramar sakandare, kuma na ƙudurta ba zan fara da rubuta ma'anar tarihi a allo su kwafa ba. Shekaru da dama an cire wannan darasi daga ƙananan makarantu kafin a dawo da shi, yayyensu da yawa sun gama ba su taɓa zama ajinsa ba. Ba na son haɗuwarsu ta farko da shi ta zama hadda.

Da tambaya na fara: tsakanin Malam Yakubu da ya kafa garin nan da Abubakar Tafawa Ɓalewa, wa ya riga wani? Aji ya kaure. Wasu suka ce Tafawa Ɓalewa, tunda hotonsa ke jikin naira biyar. Wani yaro a layin baya ya miƙe da ƙarfin gwiwa ya ce, "Malama, ai abokai ne, tare suka kori Turawa." Ban bari an yi masa dariya ba. Yaron ya san sunayen, kullum yana wuce kabarin Tafawa Ɓalewa a hanyarsa ta zuwa makaranta, ya san Ƙofar Wunti da Ƙofar Ran. Abin da ba wanda ya taɓa ba shi shi ne jeri. A kansa duk abin da ya wuce yana tare a ɗaki ɗaya mai suna "zamanin da".

Sai na fitar da su gindin dogon yaro muka ɗaure igiya. Na ce kowane taku ɗaya shekara goma ne. A bakin igiyar muka rataya 1804, shekarar da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu. Rabin taku kacal, 1809, kafuwar birnin Bauchi. Taku huɗu, 1845, rasuwar Malam Yakubu. Daga nan monita ya yi ta tafiya yana ƙirge, babu kwali ko ɗaya, har ya kusa taku na goma, inda muka rataya 1902, shigowar Turawan Ingila Bauchi. Taku ɗaya gaba, 1912, haihuwar Tafawa Ɓalewa. Na kira yaron nan na ce ya taka da ƙafarsa daga 1845 zuwa 1912. Ya taka, ya tsaya, ya waiwaya ya dubi tazarar. "Malama, ashe ko ganinsa bai yi ba." Shekara 67 ke nan, shi ya lissafa da kansa.

Sauran muka rataya da sauri: 1960 'yancin kai, 1966 kisan Tafawa Ɓalewa, 1976 samun jihar Bauchi, 1996 da aka fitar da Gombe daga cikinta. Igiyar duka taku ashirin da biyu. Da na ce su nuna mini tsawon rayuwarsu a jiki, suka ga taku ɗaya ne da ɗan ɗoriya a can ƙarshe. Suka yi tsit na ɗan lokaci, ni ma ban katse su ba.

Ƙarni ya ba mu wuya. Sun kasa yarda 1804 tana ƙarni na 19, ga 18 ɓaro-ɓaro a gabanta. Na ce wanda ya cika shekara goma sha biyu, ai yana cikin ta sha uku ke nan, haka ƙarni yake. Rabin aji sun kama, rabi sun gyaɗa kai ne don ladabi. Zan sake bi ranar Alhamis. Wata kuma ta tambayi dalilin da shekarar da suke rubutawa a Islamiyya ta bambanta da ta boko. Na ji daɗin tambayar. Na ce kowace ƙidaya tana da mafarinta: ta Hijira ta fara daga hijirar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wadda ta zo daidai da 622 Miladiyya, kuma a zamanin Sayyidina Umar aka tsayar da ita. Shekarar wata ta gaza ta rana da kusan kwana 11, shi ya sa azumi ke zagayawa, wani lokaci ya faɗo a zafin bazara, wani lokaci a hunturu. Muka juya kwalin 1804 muka rubuta 1218 a bayansa.

Amma abin da ya tsaya mini a rai ya zo ne saura minti goma a tashi. Wata 'yar shiru-shiru ta ɗaga hannu ta ce kakarta ba ta san lambar shekara ba, cewa take an haifi babanta "shekarar canjin kuɗi", a ina za ta rataya shi? Kafin in buɗe baki aji ya ɗauka, 2023! Su canjin da suka sani ke nan, lokacin layin banki da wahalar tsabar kuɗi. Na ce to babanta ƙaninta ne? Nan suka gane da sake. Na gaya musu akwai canjin 1973, da aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, akwai kuma na 1984, da gwamnatin soja ta Buhari ta sauya launin takardun kuɗi aka ba mutane 'yan kwanaki su kai tsofaffin banki. Shekara 11 tsakani, kuma babanta zai iya faɗawa kowanne. Na tambaye su yadda za mu gane. Wani ya ce a duba katin zaɓensa. Na ce da kyau, amma mutane nawa ne aka ƙiyasta musu shekaru a gaban tebur ranar rajista? Sai yarinyar da kanta ta ce, "Zan tambayi Kaka, da sule ta sayi kayan suna ko da naira sabuwa, kuma wa ke mulki." Wallahi sai da na ji tsigar jikina ta tashi. Aikin masanin tarihi ke nan, 'yar shekara goma sha biyu ta gano shi ba tare da na faɗa ba. Ina jin haushin yadda ake ɗaukar irin ƙidayar tsofaffinmu kamar rashin sani. Shekarar canjin hannu, wato 1972 da motoci suka koma bin dama, shekarar Udoji da aka ƙara wa ma'aikatan gwamnati albashi, shekarar fari, duk alamomi ne tsayayyu, lamba kawai ake liƙa musu.

Aikin gida: kowa ya samo abu ɗaya daga bakin tsoho a gidansu, da abin da ya faru a gari a lokacin. Na bar igiyar a ofis, shanya ta koma kan katanga.

Bayan isha na kira Inna. Na ce, "Inna, wace shekara aka yi aurenku da Baba?" Ta ce, "Ke kuma yau me ya tuno miki? Damina ɗaya bayan kashe Murtala, ana cikin kaka." An kashe shi 13 ga Fabrairu 1976, kwana goma bayan ba mu jiha. Na yanko sabon kwali na rubuta, Alhamis zan rataya shi kusa da na Bauchi.