Kai littattafai ƙauyukan saman Mambila

Ni malamar firamare ce a Gembu, aiki ne ya kawo ni daga Jalingo. Duk wanda ya taɓa hawa dutsen nan daga Mayo Selbe ya san hanyar, kwana-kwana har kanka ya juya, kana isa sama kuma sanyi ya tarbe ka, tsayin wurin kusan mita 1,600 ne. Ciyawa shar, shanu ko'ina, ga gonar shayi a Kakara. Amma ka sauka daga kwalta ka shiga ƙauye sai ka ga aji maƙil da yara, littafi ɗaya tal a hannun malam.

Shi ne muka fara tara tsoffin littattafai ni da abokan aiki, ranar Asabar a ɗaure a bayan acaba. Surutu a gari ya fara tun kafin mu je ko'ina. Wai mutanen ƙauye littafi za su ci? Wai mace da aurenta me ya kai ta yawon duwatsu. Wannan bai dame ni ba sosai, maigida ya yarda, shi kenan.

Na ƙauyukan ne ya fi nauyi. Rikicin 2017 tsakanin manoma da makiyaya ya bar mutane da zargin juna, to ni kuma Bahaushiya da hijabi, in na shiga ƙauyen Mambilawa tambayar farko wa ya aiko ki, ana ganin 'yar leƙen asirin Fulani ce, in na shiga ruga kuma sai a ce kayan mishan na kawo, ko kuma dabarar hana haihuwa ce aka biyo da ita ta takarda. Wani ardo ya sa aka zube buhun gaba ɗaya a kan tabarma, bai iya boko ba fa, amma ya bi shafi-shafi yana lasar yatsa yana neman hoton gicciye. Sai da ya ci karo da zanen saniya mai ciwon boru ya tsaya ya daɗe yana kallo, ya ce "Yarinya, wannan me ya ce?" Na ce "Baba, magani yake bayani." Wannan ɗin ya riƙe, sauran ya ce sai ya yi shawara da liman. Ban ga laifinsa ba wallahi, mutum nawa suka zo masa da murmushi suka cuce shi.

Daga nan na daina shiga gari da kaya a zuwan farko. Gaisuwa kawai, wurin jauro ko ardo, da fasto da liman in akwai su duka, kuma da ɗan garin a gabana yana magana da Fillanci ko Mambilanci, don a sama Fillanci ya fi Hausa tafiya. Littafin kuma hannun ɗan gari yake fita, ba nawa ba.

Ba kowane littafi ne ya cancanci kuɗin mai ba. Manyan na Turanci da ake ba mu sadaka, masu hoton dusar ƙanƙara, suna nan yadda muka kai su. Masu tafiya su ne ƙananan na Hausa, masu hotuna, da na kiwo da ajiyar masara, waɗannan har manya ke aika yara aro. Kuma kar a ba wanda zai kulle su a ofis don sifeto ya zo ya gan su fes. A wani ƙauye tela muka ba akwatin, tunda kullum yana zaune, yara na dafe a shagonsa, da alli yake rubuta sunan mai aro a bango.

Danshi ma abokin gaba ne, hazo da ruwa sai takarda ta kumbura ta yi fumfuna, don haka leda biyu muke sawa sannan buhun taki, a can kuma akwatin ƙarfe saboda ɓera. In damina ta yi nisa kogin Donga ya cika, ƙauyukan tsallake sai dai mu ba masu kwalekwale saƙo ranar kasuwa, su karɓo mana waɗanda aka gama.