Rigar Sulke: Inda Aikin Ya Kwana a Wata na Huɗu

'Yan uwa masu koyo, na kammala ƙirji da kafaɗun rigar, baya kuma ya kai rabi, duk a kan saƙar da kowane zobe yake riƙe da zobba huɗu. Rigar da nake kwaikwaya ita ce irin wadda baraden Salibiyya suka sa a yaƙin Adiriyanobul, wato Edirne ta Turkiyya a yau, ranar 14 ga Afrilu, 1205, shekara guda bayan sun ci birnin Kustantiniyya daga hannun Rumawa.

Gaggawa ta sa da farko na riƙa haɗa bakin zobban kawai ba tare da ƙusa ba. Da na shimfiɗa saƙar a kan buhun yashi na soka mata mashi, sai zobban suka wangale, aikin mako uku ya tashi a banza. Yanzu nakan naɗe wayar a jikin sandar ƙarfe, in yanka, in gasa zobban a garwashi har su yi ja, in bar su su huce cikin toka, sannan in daddale bakinsu da guduma, in huda, in sa 'yar ƙusa. Wanda ya tsallake gashin nan zai ga wurin hudar yana tsagewa.

Jiya na gwada ta a kan riga mai kauri irin ta lifidi, kuma ko da yake ba ta kammala ba, kafin in zagaya tsakar gida sau goma kafaɗuna sun fara ƙuna, sai da na sha ɗamara nauyin ya ragu. A nan na ƙara fahimtar dabarar Kaloyan, sarkin Bulgeriya, wanda ya kara da baraden Salibiyya a wannan yaƙin. Ya tura mahayan Kumaniyawa, wasu makiyaya da ke taya shi yaƙi, masu baka da kibiya da dawakai marasa kaya, suka yi harbi suka juya kamar masu gudu. Luwis na Bulwa, ɗaya daga cikin jagororin baraden Salibiyya, ya bi su, Baldwin, sarkin da suka naɗa a Kustantiniyya, ya mara masa baya, har dawakansu suka galabaita, sannan aka yi musu ƙawanya. Luwis ya mutu a fagen, Baldwin kuwa aka kai shi Tarnobo, babban birnin Kaloyan, a ɗaure, can ya ƙare. A ganina sulken bai ci amanarsu ba, dokin da ke ɗauke da shi ne ya gaza.

Saura hannuwa. Wurin hammata, inda layukan saƙa biyu suke haɗuwa a gicciye, ya fara tattarewa, don haka wanda ya riga ya wuce wannan gaɓar ya taimaka mini da shawara kafin in sake warwarewa.