Dandali a Kan Falanki: Yadda Na Zana Wa Makaɗan Katsina Gidan Wasa

A shekarar ƙarshe ta karatun zanen gine-gine an ce kowannenmu ya zaɓi ginin da garinsu ke buƙata, ya zana shi tun daga harsashi har rufi, sannan ya haɗa ƙaramin samfurinsa da hannu. Abokaina suka rarrabu tsakanin asibiti, tashar mota da kasuwar zamani. Ni na zaɓi cibiyar raye-raye da wasannin gargajiya a Katsina, domin na taso ina ganin makaɗanmu suna hayar rumfa da kujerun roba duk ranar da za su yi wasa, ko a cusa su cikin ɗakin taron da aka gina don lacca, inda kiɗan kalangu ke dukan bango ya dawo har ba ka jin abin da mawaƙi ke faɗa.

Malamin da ke duba aikina ya hana ni taɓa kwamfuta da farko. Ya ce, "Kada ka ja layi ko ɗaya sai ka je ka kalli wasa da tef ɗin awo a aljihunka." Haka na yi ta bin bukukuwa, da filin dambe, da wasan kalankuwa a wani ƙauye bayan an gama girbi. Abin da na gani shi ya zama ƙashin bayan zanen gaba ɗaya. Littattafan da muke karantawa suna nuna gidan wasa irin na Turai: dandamali a gaba an ɗaga shi, labule ya rufe shi, 'yan kallo suna zaune cikin duhu ba mai motsi. Mu kuwa duk inda aka buga ganga da'ira ake yi, ko ba wanda ya ce a yi. Mai rawa daga cikin mutane yake fitowa, cikinsu yake komawa. Sanƙira yana zagaya fili yana kirari, makaɗi yana bin wanda yake wasawa har gabansa, wanda aka wasa kuma dole ya taso ya shiga fili ya yi liƙi. Idan ka ɗora makaɗi a bisa dandamali mai tsayin mita ɗaya, ka kashe fitilar 'yan kallo, ka yanke masa hanyar abincinsa, ka kuma kashe rabin wasan.

Don haka na sa filin rawa ya zama wuri mafi ƙasa a babban zauren, zagayayye, faɗinsa mita 14, wurin zama kuma yana hawa mataki-mataki kewaye da shi. Na buɗe hanyoyi shida da ke gangarowa kai tsaye cikin filin, kowace da faɗin da mutum biyu masu babbar riga za su gifta juna. Na bar gefe ɗaya babu wurin zama domin masu wasan kwaikwayo su iya kafa bango da labule in suna so. Na san ana iya ɗauko fasalin gini daga waje ya zauna. Babban gidan wasa na ƙasa da ke Iganmu a Legas, wanda aka kammala a 1976 domin FESTAC, bikin al'adu da fasahar baƙar fata na duniya na 1977, an kwaikwayo shi ne daga wani gini a birnin Varna na Bulgeriya. Amma ni so nake mutumin Ƙofar Guga ya shiga nawa ya san inda zai zauna ba tare da an nuna masa ba.

Maganar rufi ce ta kai ni wurin wani tsohon magini a cikin gari. Na ishe shi a zaurensa, na durƙusa na gaishe shi, na shimfiɗa masa takardata. Na ce, "Baba, so nake in rufe zaure mai faɗin mita 32 da bakan gizo, da tubali da azara." Ya ɗaga kai ya dubi rufin zauren nasa, ya ce, "Yaro, azara ba ta tsallake fiye da tsayin mutum da ɗan ƙari ita kaɗai. Sai ka ɗaura wata bisa wata, kana turo su daga bango kaɗan-kaɗan har su haɗu a tsakiya. Wanda ya ƙware zai ba ka taku takwas ko kusa da haka. Naka wannan ba aikin ƙasa ba ne." Ya tashi ya nuna mini inda ƙafar bakan ta fara daga bango, da yadda aka jera azara a kusurwa, da indararon da ke kai ruwa nesa da gindin katanga. Ya ce bangon gabas ne ke fara cinyewa, don daga can hadari ke tasowa, shi ya sa a nan ake ƙara makuba.

Maganarsa ta yi daidai da abin da na karanta daga baya kan masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim: faɗin cikinsa ginshiƙai ne suka raba shi, kowane baka da iyakarsa. Sai na raba aikin gida biyu. Babban zaure ya samu haƙarƙarin kankare da ƙarfe masu bin tsarin bakan gizo, ban kuma ɓoye cewa kankare ne ba. Zauren shiga, ɗakunan koyon kiɗa da ɗakin ajiye kayan kiɗa kuwa na ƙasa ne na gaske, tubali da azara, gwargwadon abin da za su iya ɗauka. Abin da na ƙi shi ne in gina akwatin siminti, in dasa masa zankwaye huɗu a kai, in ce na yi ginin gargajiya. Garin da ke da hasumiyar Gobarau da tsohon ginin Kwalejin Katsina a tsaye ya fi ƙarfin a yi masa wannan.

Samfuri biyu na haɗa. Na farko na harabar gaba ɗaya ne, a ma'aunin 1:200, inda mutum bai kai santimita ɗaya ba. Na biyu shi ne na fi shan wahalarsa kuma na fi ƙaruwa da shi: babban zauren a ma'aunin 1:50, an tsaga shi ta yadda rufin ke ɗaguwa. A nan filin rawa ya zama santimita 28, zauren duka santimita 64, mutum kuma kamar santimita uku da rabi. Kayan aikin ba wasu na a zo a gani ba ne: falankin katako a ƙasa, farin kwali mai kauri, rula ta ƙarfe, reza sabuwa, gam. Wurin zama na yanka kwali zobe-zobe na ɗora su bisa juna. Azara na yi ta da tsinken tsintsiyar kwakwa, mutanen kuma da totuwar karan dawa, irin wadda muke yin mota da ita muna yara, don tana yankuwa sumul kuma allura na shigarta. Bangon ƙasa na shafa masa yumɓu da aka dama da ɗan farin gam da yashi mai laushi. Da hunturu na yi aikin, kuma duk wanda zai yi irinsa a wannan lokaci ya sani: yumɓu zalla zai tsattsage kafin gari ya waye, kwalin da aka shafa wa gam mai ruwa a fuska ɗaya kuma zai lanƙwashe. A shafa fuska biyun, a danne da littattafai, a bar shi ya kwana. Reza kuma da zarar ta fara jan gashin kwali a canza ta, kada a yi mata tsumulmula.

Da zare da allura na gwada ganin 'yan kallo. A lacca fuskar mai magana ake son gani, a rawa kuwa ƙafa ce abin kallo, don haka wurin da ido zai sauka shi ne daɓen filin kansa, can bakinsa na kusa. Na soke allura a bakin filin, na ja zare zuwa idon mutumin kara da ke layi na biyar, na ga zaren ya ratsa ta kan na gabansa. Dole layin ganin na baya ya wuce kamar santimita 12 a bisa idon na gaba, wato ya tsallake ƙoƙon kansa, a wurinmu ma sai an ƙara saboda hula da ɗaurin ɗankwali. Wannan ya sa matakan baya suka fi na gaba tsayi. Layuka biyu na gaba na faɗaɗa su na cire kujeru, domin a shimfiɗa tabarma ga dattawa da yara.

Sauti ne ya fi ba ni tsoro. Ƙa'idar a bayyane take: sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, kuma idan wanda ya daki bango ya dawo ya yi tafiyar da ta zarce ta wanda ya zo kai tsaye da kusan mita 17, kunne zai ji su biyu, wato amsa-kuwwa. Rufi mai ƙundu kuma yana tattara sauti wuri ɗaya. Na liƙa takarda mai ƙyalli a cikin rufin samfurin, na kashe fitilar ɗaki, na kunna 'yar tocila a tsakiyar filin inda makaɗi zai tsaya. Hasken ya taru ya yi fari fat a wani yanki na layukan tsakiya, sauran wurin ya yi duhu. Ma'ana waɗanda ke nan kiɗa zai cika musu kunne, na gefensu kuma su riƙa cewa a ƙara. Na kakkarya cikin rufin zuwa allunan da ke fuskantar wurare daban-daban, na rufe bangon baya da katako mai huji da abin tsotse sauti a bayansa. Zauren kiɗan Turawa ana so sauti ya daɗe kamar daƙiƙa biyu yana yawo. Kalangu da kotso, da waƙar da baitinta ke zuwa da sauri, sun fi son kusan daƙiƙa ɗaya.

Rana ma na gwada ta a tsakar gidanmu, ina karkata falankin don kwaikwayon watanni. Katsina na wajen digiri 13 arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana tsaka tana komawa ta arewa. Bangon arewa ma yana buƙatar inuwa ke nan. Tagogin arewa maso gabas na ƙanƙanta su na ɗaga su sama saboda ƙurar hunturu, na buɗe kudu maso yamma inda iskar damina ke shigowa.

Da na gama, sai na ɗora samfurin a bayan a-daidaita na kai wa masu abin. Zanen takarda ba wanda ya kula shi, amma da na ɗaga rufin kowa ya matso ya sa yatsa. Wani makaɗin gangar noma ya tambaye ni tsayin rufin, na ce mita 11. Ya ce, "Malam, 'yan hoto, masu rawar garma, in sun cilla ta sama ba rufi suke dubawa ba. Kuma in ta faɗo bisa katakon nan naka fa?" Gaskiyarsa. Katako mai ɗan bada kai da na shimfiɗa bisa roba don kare gwiwar masu rawa bai dace da garma ba, bai dace da dambe da kokawa da wasan 'yan tauri ba. Waɗannan na ƙasa ne da sararin sama. Na faɗaɗa dandalin waje na zuba masa yashi, na kewaye shi da matakai da itatuwan darbejiya, har ya fi zauren cin mutane. Shi ne kuma ya ce in bar musu ɗan tsakar gida kusa da ɗakin ajiya, don fatar ganga na saki da damina, sai an shanya ta ko an kanga ta a wuta.

Wata dattijuwa mai kiɗan ƙwarya ta daɗe tana kallo ba ta ce komai ba. Na ce, "Inna, ba ki ce uffan ba." Ta ce, "Ɗan nan, ta ina za mu shiga? Ta cikin mazan nan?" Daga wannan tambaya aka samu sashen mata: tsakar gida mai ƙofarsa daban, da zaure biyu waɗanda ƙofofinsu ba su kalli juna ba, yadda mai wucewa ba zai hango ciki ba, kamar dai kowane gidan Bahaushe. Ta ce a sa famfo kusa, don ƙwaryar da ake kifawa a ruwa ba ta kaɗuwa in babu ruwan.

Ban raina masu ɗar-ɗar da irin wannan gini ba. A 2016 an dakatar da shirin gina dandalin fina-finai a Ƙofa ta jihar Kano bayan malamai da jama'a sun nuna adawa, kuma duk mai zana gidan wasa a Arewa ya kamata ya riƙe wannan a ransa. Na sa masallaci da wurin alwala a bakin shiga, na juya makewayi don kada su fuskanci alƙibla, wadda a Katsina take gabas da ɗan karkata arewa. Harabar a buɗe take, babu lungu, ɗakunan koyarwa kuma suna kallon fili yadda uba zai iya leƙowa ya ga abin da ake koya wa ɗansa.

Ranar kare aikin, tambayar da ta fi tsayawa a kaina ita ce wa zai riƙa yaɓen sassan ƙasa, tunda ginin gwamnati ba a cika waiwayarsa ba bayan an yanke ƙyalle. Na nuna musu abin da na tanada: gindin dutse da ya ɗaga bango daga ƙasa, indararo masu tsawo, da ɗakin aiki guda da na ware wa magina a cikin harabar, inda za su riƙa koyar da yara ɗaurin azara da haɗa makuba, gyaran shekara-shekara kuma ya zama shi ne darasinsu kafin faɗuwar damina.